Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Wa Ke Jinyar Tsofaffinmu a Zango?



Akwai wata magana da muke yi da taƙama duk lokacin da zancen Turawa ya taso a majalisa. Sai ka ji wani ya gyara zama ya ce, "Mu dai ba ma kai iyayenmu gidan tsofaffi." Gaskiya ya faɗa, ba ma kai su, kuma Allah Ya kiyashe mu da ranar da za mu fara. Sai dai akwai tambayar da ba a so a yi: da muka bar su a gida, a hannun wa muka bar su? Wa ke tashi da tsakar dare in tsohuwa ta yi kira? Wa ke ɗaga Alhajin da ɓarin jikinsa ya shanye, ya wanke shi, ya sauya masa shimfiɗa, ya ba shi koko cokali-cokali?

Duk mai son amsa ya shiga gidajenmu na Aboabo da Asawase, ko na Nima da Mamobi, da hantsi, lokacin da masu taƙamar suka fita nema. Ɗaya daga cikin mutum huɗu zai tarar a bakin gadon majiyyaci. Ko dai yarinyar da aka ɗauko daga arewa da sunan riƙo, ko wata 'yar'uwa da aurenta ya mutu ta dawo gida ba ta da wurin zuwa, ko matar ɗa wadda ba a taɓa neman yardarta ba, ko kuma wata baiwar Allah da aka ɗauka a kan kuɗin da sai an ga dama ake biya. Waɗannan su ne ginshiƙin da ke riƙe da taƙamarmu. Su ke shan wahala, mu ke karɓar yabo a masallaci da wurin suna. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da nake so in tsaya a kai shi ne, jinyar tsoho a gida sana'a ce, mai yin ta ma'aikaciya ce, kuma al'ummar da ta ƙi kiran ta da wannan suna tana zaluntar mutum biyu a lokaci guda, mai jinyar da kuma tsohon da ake jinya.

A fara da sanin irin aikin, domin yawancin masu raina shi ba su taɓa yin sa na yini ɗaya cur ba. Da can, galibi tsoho kan yi 'yan kwanaki ko makonni a kwance, sai Allah Ya yi ikonSa. Yau hawan jini da ciwon sukari da shanyewar jiki sun sauya lissafi. Mutum kan fito daga asibiti da ransa, amma ba ya iya tashi, ya shekara uku ko biyar ko fiye a kan gado. Irin wannan majiyyaci ana bukatar a riƙa juya shi kamar duk bayan sa'a biyu, in ba haka ba fatar ƙugu da ta diddige su mutu, gyambon kwanciya ya buɗe, kuma gyambon nan yana iya cin nama har ƙashi. Wanda jikinsa ya shanye sau da yawa haɗiya kan yi masa wuya. In aka ba shi kunu yana kwance, abincin na iya bin hanyar numfashi ya jawo ciwon huhu. Mai ciwon sukari in aka ba shi magani bai ci abinci ba, sukarinsa na iya faɗuwa ya suma. Wanda ruɗewar tsufa ta kama yakan manta 'ya'yansa, ya zagi mai ba shi abinci, ya fita da dare yana neman gidan da aka rushe tun yana saurayi. Ga wanki, ga kwasar bawali da bayan gida, ga alwala ko taimama sau biyar a yini, ga juyar da shi ya fuskanci alƙibla. Wannan aiki na bukatar ƙarfi da sani da haƙurin da ba kowa Allah Ya ba shi ba. Mu kuwa sai mu ɗora shi a kan yarinya 'yar shekara 13, mu ce ai zaman gida kawai take yi.

Kada kuma wani ya ɗauka matsalar za ta ragu. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanen Gana sun kai miliyan 30.8, waɗanda suka kai shekara 60 zuwa sama kuwa sun kusa miliyan 2. Gwamnati ta yi nata, gwargwado. Inshorar lafiya ta NHIS da aka kafa a 2003 ta ɗauke wa 'yan shekara 70 zuwa sama biyan kuɗin shekara, kuma shirin LEAP da aka fara a 2008 yana ba wasu tsofaffi matalauta 'yan shekara 65 zuwa sama ɗan tallafi duk bayan wata biyu. Amma katin inshora ba ya juya majiyyaci da dare, ba ya biyan wadda ke juya shi. Asibiti na sallamar mutum da takardar magani, daga nan sauran aiki na gida ne. Gidan kuwa ba irin na da ba ne. Babban gidan da matan 'ya'ya da jikoki ke cika tsakar gida ya watse. Wani na Madina, wani na Jidda, wani na Hambug, wata na Biranks a birnin Niyok. 'Yan mata suna makaranta, kuma haka ya kamata. Matan aure suna kasuwa tun asuba saboda kuɗin maigida shi kaɗai ba ya kai wata. Mun ci gaba da maganar zamanin kakanninmu alhali hannuwan da suka ɗauki jinkar a wancan zamani sun ragu.

To, ga masu cewa ɗaukar mai jinya saɓa wa iyaye ne. Na sha jin wannan daga bakin mutanen da nake girmamawa. Hujjarsu ita ce hidimar iyaye ibada ce, ibada kuwa ba a wakilta ta ga ɗan ƙwadago. Umurnin kyautata wa iyaye idan tsufa ya riske su yana nan a Suratul Isra'i, babu mai musun sa. Amma waɗanda suka fi mu fahimtar ayar ba su ga aibin hadimi ba. Duk ɗalibin da ya kai babin nafaƙa a Muhtasar na Shehu Halil ya san cewa an wajabta wa ɗa mai hali ciyar da iyayensa matalauta, an kuma haɗa da ɗaukar nauyin hadiminsu. Ashe mazhabarmu ta Malikiyya tun ƙarnoni da suka wuce ta san tsoho na iya bukatar mai yi masa hidima, ta kuma faɗi aljihun da kuɗin zai fito. A Suratul Ƙasasi ma, dalilin da ya fitar da 'yan matan Madyana shayar da dabbobi shi ne tsufan mahaifinsu, kuma mafitar gidan ita ce ɗaukar Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, aiki bisa sharaɗi bayyananne na shekara takwas, in ya ga dama ya cika goma. Aikin kiwo ne, na sani, amma a dubi tsarin: an duba ƙarfinsa da amanarsa, an yanke wa'adi, an faɗi lada, an kuma yi masa alkawarin ba za a tsananta masa ba. A cikin waɗannan huɗu, nawa muke cikawa ga masu jinyar iyayenmu?

Abin mamaki, mafi yawan masu wannan hujja ba su ne ke jinyar ba. Mutum zai leƙo da safe ya ce, "Hajiya, an tashi lafiya? Ya jiki?", ya ajiye sidi 20, ya fita, sannan ya hana a ɗauki mai jinya wai kada a ce ya gaza. Wace ibada ce wannan da ladanta ke zuwa gare ka, ciwon bayanta kuma ke zuwa ga matarka? Malaman fiƙihu ba su lissafa jinyar iyayen miji cikin wajiban mace ba. In ta yi, kyautatawa ce da ta cancanci godiya da sakayya. Amma a gidajenmu, matar da ta shekara huɗu tana wanke surukarta, ranar da ta ce ta gaji sai dangin miji su taru su ce ba ta da tarbiyya. Wanda ya zauna inda ake sasanta rigingimun aure a fada ya san yawan igiyoyin da suka tsinke a bakin gadon majiyyaci, alhali a takarda an rubuta wani dalili dabam.

Sai masu cewa, "Ai 'yar gida ce, ba baƙuwa ba. Muna ci da ita, muna tufatar da ita, in lokaci ya yi mu za mu aurar da ita." Riƙo al'ada ce mai kyau, ta raya marayu da yawa a zango, ta kuma ƙulla zumunci tsakanin garuruwa. Amma akwai alama mai sauƙi da ke raba riƙo da bauta. In 'ya'yan gida suna tafiya makarantar boko da safe da ta allo da yamma, ita kuma tana gida da tsohuwa, to ba riƙo ba ne. Dokar Yara ta Gana ta 1998 ta sa shekara 15 a matsayin mafi ƙarancin shekarun ɗaukar yaro aiki, kuma tun 2017 karatun babbar sakandare ya zama kyauta. Yarinyar da aka tsare a ɗakin jinya ta rasa wannan dama, kuma ba za ta dawo mata ba. Kwanon shinkafa da atamfar salla ba su biyan shekarun ƙuruciya. Ga kuma haɗarin da ke kan tsohon kansa: yarinyar da ba ta iya karanta takardar magani ba, ba ta da ƙarfin ɗaga babban mutum, ba ta samun barci, ita muka danƙa wa ran mahaifiyarmu. In aka wayi gari da kuskure, ita za a fara tuhuma.

Yanzu bari in juya ga 'ya'yanmu na ƙetare, domin a nan abin ya fi ciwo. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mata da maza da ke Amurka da Ingila wannan aikin suke yi. Suna shiga gidajen tsofaffin Turawa, su yi musu wanka, su ba su abinci, su juya su a kan gado. A Amurka, mai jinyar gida da ke aiki ƙarƙashin kamfanin da shirin Medicare ke biya, dokar tarayya ta ce sai ya sami horo na aƙalla sa'a 75. Ana biyan su a kan kowace sa'a, ana rubuta lokacin shiga da na fita, kuma duk da haka suna kukan kuɗin bai kai wahalar ba, kuma gaskiyarsu ne. Da wannan kuɗi aka gina benaye a zangunanmu, da shi aka kai iyaye Makka. Ban ga abin kunya a ciki ba; gumi ne na halal. Abin da ban gane ba shi ne yadda wadda ta san nauyin aikin a jikinta, take ƙirga sa'o'inta ɗaya bayan ɗaya a Biranks, za ta bugo waya ta ce a rage kuɗin matar da ke kwana da mahaifiyarta dare da rana a Aboabo. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, in ji masu magana. Ina ya tafi?

A kuma dubi inda kuɗinmu ke tafiya. Tsoho zai shekara uku a kan katifar da ta jiƙe, ana cewa babu kuɗin mai jinya, babu na keken guragu, babu na audugar manya. Ranar da ya cika, sai kuɗi su fito daga inda suka ɓuya. A kafa rumfuna a tare hanya, a yanka sa, a fitar da yayi, a buga hotonsa a riga, a yi addu'ar uku da ta bakwai da ta arba'in, kowace ta fi ta baya taro. Ba ina hana sadaka ga mamaci ba. Ina tambaya ne, shinkafar da jama'a suka ci a ranar arba'in da watanni nawa za ta biya wadda ta riƙe shi yana da rai? Jinya a ɗaki ake yin ta, babu mai gani. Taron addu'a a titi ake yin sa. Kowa ya tambayi zuciyarsa me ya sa hannunsa ya fi saurin buɗewa a na biyun.

Akwai ƙorafi biyu da na yarda suna da nauyi. Na farko shi ne tsoron baƙo. An ga mai jinyar da ta yi sata, an ga wadda ta daki tsohuwa in babu kowa. Haka ne. Amma mu dubi yadda muke ɗaukar su: wani ya san wata da ta san wata, babu wanda ya tsaya mata, babu sharaɗi, babu mai leƙowa. Mutumin da ba a biya shi daidai, ba ya hutu, ana yi masa kallon ɓarawo tun ranar da ya shigo, ba a nan ake girbar amana ba. Kuma cutar da tsofaffi ba baƙi kaɗai ke yin ta ba. 'Ya'yan cikinsu ma, in gajiya ta kai musu iya wuya, sukan yi tsawar da Alƙur'ani ya hana ko ƙasa da ita. Maganin duka biyun ɗaya ne, wato tsari da hutu da sa ido.

Na biyu shi ne talauci. Akwai gidajen da abincin dare ma sai an yi dabara, balle albashin wani. Waɗannan ba da su nake faɗa ba, kuma 'yar da ta bar sana'arta ta zauna da mahaifinta saboda babu yadda za a yi, Allah kaɗai zai biya ta. Amma rashin halin gida ɗaya nauyi ne a kan unguwa. Muna da adashi, muna da ƙungiyoyin mata ƙarƙashin magajiyoyi, muna da ƙungiyoyin matasa, muna da asusun masallaci, muna da masu fitar da zakka. Tsoho fakiri da ke kwance yana cikin waɗanda zakka ta halatta a gare su. Al'ummar da ke iya tara kuɗin tayil da fanka na masallaci cikin Juma'a biyu ba za ta ce ta kasa biyan mai jinya ɗaya da za ta riƙa zagaya gidaje uku ba.

Saboda haka ga abin da nake kira gare shi, kuma babu ɗaya a ciki da ke jiran gwamnati.

A rubuta yarjejeniya. Tun 2020 Gana ta fitar da ƙa'idojin ma'aikatan gida, L.I. 2408, waɗanda suka tanadi yarjejeniya a rubuce, da albashin da bai gaza mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, da lokutan hutu. Mafi ƙarancin albashin nan a 2024 sidi 18.15 ne a yini, kuɗin da kowa ya san bai kai komai ba, amma akwai gidajen da ko shi ba sa cikawa. Mu da aka karantar da mu cewa ijara ba ta inganta sai an san aiki an san lada, bai kamata doka ta riga mu ba. Fadar kowane sarkin zango tana da littafi da alƙalami da shaidu. A zo a rubuta nawa ne, yaushe ake biya, wace rana ce ta hutu, wa zai karɓe ta a ranar, kuma wane ɗa ne ke da alhakin biya.

A daina ba yara jinya. Jika na iya ɗebo ruwa, ta zauna ta yi wa kakarta hira, wannan tarbiyya ce. Kwana da majiyyaci da ɗaga shi da ba shi magani aikin baligi ne.

A koyar da masu jinya. Zango ya haifi nas-nas da likitoci da yawa a yau. Yini biyu a harabar makarantar Islamiyya sun isa a nuna yadda ake juya majiyyaci, da zaunar da shi kafin ba shi abinci, da gane alamun da ke cewa a garzaya asibiti. Limamai kuma su koyar da hukuncin tsarki da sallar maras lafiya, su kuma faɗa a kan mumbari cewa tsohuwar da ke sambatu ba mayya ba ce, ƙwaƙwalwarta ce ta gaji.

Maza su shigo. Tsoho namiji ya fi samun sutura in namiji ne ke yi masa wanka. Samarinmu da ke zaune a bakin titi suna kukan rashin aiki su sani wannan sana'a ce, irin wadda yayyensu ke yi a ƙetare suna aiko da dala.

A biya bashi kafin rabon gado. Ayoyin gado a Suratun Nisa'i sun gabatar da bashi da wasiyya a kan rabo. Ladan da aka yi wa mai jinya alkawari ba a cika ba bashi ne. Na ga an zauna rabon gida da fili da shago, an kira kowa har wanda bai zo jana'iza ba, matar da ta rufe wa mamacin ido kuwa tana bakin ƙofa tana jiran kuɗin mota. 'Yar'uwar da ta yi jinya don Allah ba tare da sharaɗi ba, ita ma magada su ji kunya su fitar mata da wani abu daga rabonsu da daɗin rai.

Ɗaukar mai jinya ba ya sauke wa ɗa nauyin iyayensa. Akwai abin da kuɗi ba ya saye: zama kusa da su, riƙe hannunsu, sauraron labarin da suka ba ka sau ɗari, karanta musu abin da ya sauwaƙa bayan magariba. Zumunta a ƙafa take. Mai jinya tana ɗauke maka abin da jikinka da lokacinka suka kasa ne, domin ka iso wurin mahaifiyarka da sakin fuska maimakon gajiya da ƙunci. Wadda ta yi maka wannan ta cancanci ka san sunanta da na garinsu, ka gaishe ta kafin ka zauna, ka biya ta ranar da aka yanke ba sai ta roƙa ba.

Mu da muka haura hamsin, layin ya matso kusa da mu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tsarin da muka kafa wa masu jinyar iyayenmu yau, a hannunsa za mu kwanta gobe, in Allah Ya ja kwana.

Ina roƙon sarakunanmu da limamanmu da magajiyoyinmu su ɗauki wannan magana zuwa majalisunsu. Wanda yake ganin na yi kuskure a hukunci, ga fili nan a ƙasa, ya kawo hujjarsa da ladabi, za a saurare shi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya saka wa masu jinya da mafificin alheri, Ya sa mu cika da imani.